Kaki ko jini: wane gwaji ne ke nuna maganin tarin fuka yana ci?

Wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka galibi yana da wata shida a gabansa, kullum da haɗiyar ƙwayoyi, kuma tun bai cinye watan farko ba shi da danginsa suke fara tambayar ko maganin yana ci. Jiki kan ba da tasa amsar da wuri. Cikin mako biyu zuwa uku zazzaɓi yakan sauka, zufar dare ta ragu, abinci ya fara shiga. Sai dai jin sauƙi daban, warkewa daban, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yanke magani a wata na biyu ko na uku wannan sauƙin ne ya rufe musu ido. Saboda haka dole a yi awo, kuma a wurin zaɓen awon ne ake samun saɓani.

A ganin mutane da dama, gwajin jini shi ne gwaji na gaske, tofa kaki a 'yar roba kuwa abin ƙyama ne da bai kai a kira shi bincike ba. Ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu ma sun fi son a zo musu da buƙatar jini. To amma ana haɗa tambayoyi uku ne a wuri guda ba tare da an lura ba. Ta farko, ƙwayoyin cutar suna mutuwa? Ta biyu, kumburin da cutar ta tayar a jiki yana lafawa? Ta uku, maganin yana kaiwa inda ake so, kuma ba ya yi wa hanta ko ɓargo illa? Kaki ne ke amsa ta farko. Jini yana amsa ta biyu sama-sama, ta uku kuwa babu mai amsa ta kamarsa. Duk kuɗin da ake asararsa a wannan fanni, ana asararsa ne ta hanyar neman amsar tambaya ta farko a wurin gwajin da ba a yi shi don ita ba.

Abin da kaki ke iya faɗa

Tsarin maganin da aka fi amfani da shi a duniya kashi biyu ne: wata biyu na magunguna huɗu, wato isoniazid da rifampicin da pyrazinamide da ethambutol, sai wata huɗu na biyun farko kaɗai. A kan wannan tsari Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora jadawalin duba kaki. Ana dubawa a ƙarshen wata na biyu, a wata na biyar, sannan a ƙarshen na shida. In an ga ƙwayar cuta a wata na biyu, sai a sake a na uku. In har tana nan, a tura kakin a rene shi a kuma gwada ko ƙwayar ta bijire wa magani. Ganin ta a wata na biyar ko bayansa alama ce ta cewa maganin ya gaza.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shafa kakin a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Ana samun sakamako a ranar, kuma ƙaramin ɗakin gwaji ma yana iyawa. Rauninta biyu ne. Sai ƙwayoyin sun kai wajen 5,000 zuwa 10,000 a cikin mililita ɗaya kafin ido ya kama su, ke nan "ba a gani ba" ba ya nufin babu. Sannan rinin yana kama matacciyar ƙwaya kamar yadda yake kama mai rai. Mai babban rami a huhu zai iya ci gaba da fitar da gawarwakin ƙwayoyi har wata na uku alhali magani yana aikinsa lafiya ƙalau.

Renon ƙwayar cuta, wanda ma'aikatan lafiya ke ce wa kalca, shi ne ya fi kusa da gaskiya, domin abin da ya mutu ba ya tsirowa. Yana iya kama ƙwayoyi 10 zuwa 100 a mililita, kuma abin da ya tsiro ana iya gwada shi da magunguna ɗaya bayan ɗaya. Cikas ɗinsa lokaci ne. Ƙwayar tarin fuka tana ɗaukar kusan yini guda kafin ta rabu biyu, don haka a na'urar reno ta ruwa sai an jira kwana 42 kafin a ce babu komai, a daskararren abin reno kuwa har mako takwas. Sakamakon kakin wata na biyu sai ya iso a wata na huɗu. Ga shi yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsaro sosai, wanda ba kowane asibiti ke da shi ba.

GeneXpert kuwa, gwajin kaki na na'ura wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Disambar 2010, ya sauya yadda ake gano cutar, amma tarko ne ga mai son bin diddigin magani. DNA ɗin ƙwayar, wato sinadarin halittarta, yake nema, shi kuwa DNA yana daɗewa a huhu bayan mai shi ya mutu. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan majinyata a Afirka ta Kudu da Tanzaniya ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na kakinsu yana nuna alamar cutar a na'urar a mako na takwas, kuma kimanin kashi ɗaya bisa huɗu har a ƙarshen magani, lokacin da reno ya riga ya wanke mafi yawansu. Wanda aka maimaita wa GeneXpert a wata na huɗu aka ce masa cutar tana nan, wataƙila an tayar masa da hankali ne a banza. Amfaninsa a tsakiyar magani guda ne: in ana zargin ƙwayar ta bijire wa rifampicin.

Kada a ɗauka kaki ba shi da aibi. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike da yawa ya gano cewa dubawa da madubi a wata na biyu tana hango kashi 24 cikin 100 kacal na waɗanda cutar za ta dawo musu, reno kuma kashi 40. Wato mafi yawan waɗanda za su sake kwanciya sun tsallake gwajin wata na biyu ba tare da an ga komai ba. Inda ya fi ƙarfi shi ne in an haɗa shi da hoton ƙirji: wanda ke da rami a huhu tun farko, kuma kakinsa na wata na biyu ya tsiro, haɗarin dawowar cutar gare shi ya kai wajen kashi 20 cikin 100, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa kashi 2 ne. Shi ya sa a Amurka ake ƙara wa irin wannan majinyaci magani ya kai wata tara.

Ga kuma babbar matsalar da ta sa masana ke ta hanƙoron samo gwajin jini. Da zarar magani ya fara ci, tari yana bushewa, sai majinyaci ya rasa abin tofawa, ya kawo yawu. Ƙananan yara haɗiye kaki suke yi. Wanda cutar ta kama masa kaluluwa ko ƙashin baya ko lulluɓin ƙwaƙwalwa ba shi da kakin da za a duba tun asali. Jini kuwa kowa yana da shi, kowane lokaci. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne ƙwayar ba a jini take zaune ba, tana can cikin huhu ko wata gaɓa, garkuwar jiki ta kewaye ta. Ban da masu HIV da garkuwarsu ta faɗi ƙasa warwas, da wuya a kama ta a jini. Duk wani gwajin jini da ke hannun likitoci a yau martanin jiki yake aunawa, ba ƙwayar ba.

Waɗanda ba su cancanci a zuba musu kuɗi ba

Akwai gwajin da ke neman sinadaran kariya da jiki ya haɗa don yaƙar tarin fuka, galibi a ɗan faranti mai fitar da layi kamar na gwajin juna biyu. A Yulin 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce a daina amfani da shi, saboda yana cewa akwai inda babu, yana cewa babu inda akwai. Indiya, inda aka fi sayar da shi a lokacin, ta haramta shi a 2012. Gwajin da bai iya gano cutar ba, ina zai iya faɗar ko tana warkewa? In an miƙa maka shi, ka ƙi.

Na biyun ya fi rikitarwa domin gwaji ne na ƙwarai da aka sa shi aikin da ba nasa ba. IGRA ke nan, wanda ake sayarwa da sunayen QuantiFERON da T-SPOT.TB. Ana haɗa jinin mutum da wasu sunadarai na ƙwayar tarin fuka, a ga ko fararen ƙwayoyin jininsa za su tuna da su. In sun tuna, mutumin ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Iyakar labarin ke nan. Kamar tabo ne a fata: yana shaida cewa an taɓa jin ciwo, amma ba ya ɓacewa don ciwon ya warke. Da yawa daga waɗanda suka kammala magani suka warke sarai gwajinsu yana ci gaba da nuna alamar har shekaru, kuma lambar takan hau ta sauka a jikin mutum ɗaya daga mako zuwa mako ba tare da wani dalili na cuta ba. Haka ma allurar gwajin fata ta Mantoux. Maimaita IGRA a ƙarshen magani don a ga ko "ya koma babu" ɓarnar kuɗi ce, kuma na fi jin tsoron abin da ke biyo baya: ko a ƙara wa warkakke wata uku na maganin da ba ya buƙata, ko a sallami wanda bai warke ba.

ESR da CRP

Waɗannan biyun su ne aka fi rubuta wa majinyata, kuma duka kumburi suke aunawa. ESR tsohon gwaji ne: a zuba jini a dogon bututu, a ga milimita nawa jajayen ƙwayoyi suka nutse cikin awa ɗaya. Yana da arha, amma yana da nawa. Yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya sauko, kuma abubuwa barkatai suna ɗaga shi: ƙarancin jini, juna biyu, tsufa, ciwon ƙoda, HIV. Tunda mai tarin fuka kusan kullum yana da ƙarancin jini, lambar takan zauna a sama ko da huhu yana gyaruwa. Har yanzu akwai likitocin da ke tsawaita magani don kawai ESR bai sauko ba. Babu ƙa'idar da ta goyi bayan haka.

CRP ya fi shi ta kowace fuska in ban da farashi. Sunadari ne da hanta ke fitarwa cikin sa'o'i kaɗan da tashin kumburi, kuma in abin da ya tayar da shi ya kau, yana raguwa da rabi cikin kimanin awa 19. Ƙarancin jini ba ya rikita shi, ana ma iya auna shi da ɗigon jinin yatsa. A jikin mai tarin huhu yakan kasance a sama lokacin fara magani, ya faɗi sosai cikin mako biyun farko, ya ci gaba da sauka zuwa wata na biyu. Binciken da aka yi a wurare daban-daban ya nuna waɗanda nasu ya ƙi saukowa sun fi fuskantar matsala, har da mutuwa, musamman masu HIV. Wannan amfani ne na gaske. Amma a lura da abu biyu. Zazzaɓin cizon sauro, limoniya, ƙurji, ciwon haƙori ma, duk suna ɗaga CRP, don haka hauhawarsa ba ta cewa tarin fuka ne ya motsa. Saukarsa kuma ba ta cewa an gama, domin kumburi yana lafawa tun ƙwayoyi masu taurin kai suna kwance a huhu, waɗanda su ne dalilin ƙarin wata huɗun nan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da CRP, da iyakar miligiram 5 a lita, don tantance masu HIV da ya kamata a bincika ko suna da tarin fuka. Tantancewa ce kafin magani. Ba ta amince da shi a matsayin ma'aunin warkewa ba.

In za a yi CRP, a auna shi ranar fara magani. Lamba ɗaya a wata na uku, ba tare da ta farko da za a kwatanta ta da ita ba, kusan ba ta da wani amfani.

Ƙidayar ƙwayoyin jini da awon sunadarin albumin su ma suna gyaruwa sannu a hankali in magani yana ci, ana kuma iya kallonsu a matsayin ƙarin haske. Sai dai ma'aunin nauyi yana ba da irin wannan labari ba tare da allura ba. Bincike ya nuna ramammen majinyacin da bai ƙara sama da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata biyun farko ba ya fi shiga haɗarin dawowar cutar. Ga shi da nauyi ake lissafa adadin ƙwayoyin da za a sha, wanda ya yi ƙiba aka bar shi a kan tsohon adadi yana shan ƙasa da abin da ya kamata. Abin mamaki ne yadda ake ɗokin sakamakon ESR a manta da hawa sikeli.

Sababbin da ke tafe

Inda ake sa rai shi ne karanta saƙonnin ƙwayoyin halitta a cikin fararen ƙwayoyin jini. A 2010 masu bincike a Landan da Afirka ta Kudu suka wallafa wani tsari na saƙonni 393 da ke bambanta mai tarin fuka da lafiyayye, suka kuma ga yana dusashewa da magani. Bayan shekara biyu aka nuna canjin yana bayyana tun mako na biyu. A 2016 masana a Jami'ar Stanford suka taƙaita abin zuwa ƙwayoyin halitta uku, kamfanin Cepheid mai yin GeneXpert ya ɗora shi a kan kwanson gwaji da ke karɓar jinin yatsa. Cibiyar SATVI ta Jami'ar Cape Town ita ma ta fitar da nata, irin su RISK6 da RISK11. Akwai kuma TAM-TB, mai duba ko fararen ƙwayoyin da suka san tarin fuka suna cikin yaƙi ne yanzu ko tunawa kawai suke yi, wanda shi ne giɓin da IGRA ya bari.

Da sauran rina a kaba. Mafi yawan waɗannan tsare-tsare hanyar interferon, wani sinadarin garkuwar jiki, suke karantawa, ita kuwa mura da korona da HIV da ba a danne ba duk suna kunna ta. Suna nuna bambanci mai kyau tsakanin rukunin da ya warke da wanda bai warke ba, amma yanke hukunci a kan mutum ɗaya, a ce masa tsaya a wata huɗu ko ci gaba zuwa tara, wani mataki ne da ba su kai ba tukuna. Ita kanta warkewar ba ta da iyaka mai kaifi: wani bincike na 2016 a Cape Town ya ɗauki hoton PET-CT, mai nuna kumburi a cikin jiki, na mutanen da aka tabbatar sun warke, ya tarar mafi yawansu da sauran wuraren kumburi a huhu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin siffofin da take so gwajin bin diddigin magani ya cika, alamar cewa har lokacin kujerar babu kowa a kanta. Mai yiwuwa ma wanda zai riga hawa ba na jini ba ne: TB-MBLA, da Jami'ar St Andrews ta Birtaniya ke jagoranta, RNA ɗin ƙwayar, ɗan'uwan DNA, yake aunawa a kaki, shi kuwa RNA yana lalacewa da wuri bayan mutuwarta, ana kuma samun sakamako cikin sa'o'i.

Inda jini ba shi da madadi

Uku daga cikin magungunan huɗu, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, suna iya taɓa hanta. Awon ALT da AST da bilirubin, masu nuna lafiyar hanta, kafin fara magani wajibi ne ga mai shan giya, mai ciwon hanta nau'in B ko C, mai HIV, mai juna biyu ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, da tsofaffi, kuma su ne ya kamata a riƙa maimaita musu. Matashi mai lafiyar hanta ba lallai sai an ɗebi jininsa duk wata ba, matuƙar ya san alamun da zai garzaya asibiti a kansu: tashin zuciya da amai, ciwo a saman ciki ta dama, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar na mai shawara. A bambanta wannan da jan fitsarin da rifampicin ke jawowa, wanda ba shi da illa, hasali ma yana nuna an sha maganin. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a dakatar da magani in ALT ya ninka iyakarsa sau biyar, ko sau uku in akwai alamu. Ɗan hauhawa ƙasa da haka yana faruwa ga mutane da yawa kuma yakan daidaita da kansa. Likita ne zai yanke wannan, ba majinyaci ba.

Ga mai tarin da ya bijire wa magani, lissafin ya ƙaru. Tsarin BPaLM, haɗin magunguna huɗu na wata shida, wanda aka amince da shi a 2022, yana ɗauke da linezolid mai danne ɓargo, don haka ƙidayar jini a kai a kai ba abin wasa ba ce. Bedaquiline da moxifloxacin suna buƙatar awon bugun zuciya, ethionamide yana buƙatar duba maƙoƙo, allurar amikacin kuwa ƙoda da gishirin jini da ji. Duk da wannan tarin gwaje-gwaje, abin da ke faɗar ko ana cin nasara shi ne renon kaki duk wata.

Akwai wasu gwaje-gwajen jini uku da ba sa auna warkewa amma suna bayyana dalilin jinkirinta, kuma a ganina sun fi ESR daraja nesa ba kusa ba. Na farko suga. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta tsarkakar kaki, yana ƙara haɗarin dawowar cuta, ga rifampicin yana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin suga. Na biyu HIV, tare da ƙidayar ƙwayoyin garkuwa na CD4 da yawan ƙwayar a jini. Wanda ke shan maganin HIV na dolutegravir sai an ninka masa zuwa sau biyu a rana muddin yana kan rifampicin. Na uku awon adadin maganin kansa a jini, awa biyu da awa shida bayan sha. Ana son rifampicin ya kai maikirogiram 8 zuwa 24 a mililita, isoniazid kuma 3 zuwa 6. Mai yawan gudawa ko mai suga ko mai HIV yana iya haɗiyar magani kullum hanjinsa bai tsotsi isasshe ba. Ɗakunan gwajin da ke yin wannan kaɗan ne, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba, sai wanda ake da tabbacin yana sha, ƙwayarsa ba ta bijire ba, amma kakinsa ya ƙi tsarkaka.

To wa zai zaɓi me?

Babban mutum mai tarin huhu da aka tabbatar da kaki, zaɓinsa ba shi da wahala. Ya riƙe jadawalin kaki na wata biyu da biyar da shida, ya nemi reno in ana samu, musamman na wata na biyu in hotonsa ya nuna rami, ya hau sikeli duk zuwa asibiti, a duba masa HIV da suga tun farko, hanta kuma gwargwadon haɗarinsa. In tari ya bushe, ya gwada kakin asuba bayan dogon numfashi, ko a shaƙa masa tururin ruwan gishiri a asibiti. CRP a nan ƙari ne, wanda bai yi ba bai rasa komai ba.

Yaro ƙarami da mai cutar a wajen huhu su ne CRP ke yi wa rana, domin babu kakin da za a dogara da shi. A nan ma ba shi kaɗai ba. Ga yaro, nauyi da dawowar kuzari da cin abinci su ne kan gaba. Ga mai tarin ƙashin baya ko na ƙwaƙwalwa, wanda maganinsa ke kaiwa wata tara zuwa goma sha biyu, ana haɗa alamun jiki da hoto da saukar CRP a yi hukunci. Kaluluwa tana da wata ɗabi'a mai ruɗarwa: takan ƙara kumbura, har ta fashe, a tsakiyar maganin da ke aiki daidai. Irin wannan yana faruwa ga mai HIV da ya fara maganin rage kaifin cutar, garkuwarsa ta farfaɗo ta afka wa ragowar ƙwayoyin, zazzaɓi ya dawo, CRP ya yi sama. Mai kallon lamba kawai zai ce magani ya gaza, ya sauya shi, alhali abin da ake buƙata shi ne a tabbatar babu wata cutar ko bijirewa, a ci gaba, wani lokaci a ƙara prednisolone mai rage kumburi.

In sakamako biyu suka saɓa, kakin da ya tsiro a reno shi ke da rinjaye. CRP ya sauka, majinyaci ya yi ƙiba, amma reno ya nuna ƙwaya a wata na biyar, to akwai matsala, a gwada bijirewa nan take. In kuma kaki ya tsarkaka amma CRP ya tsaya a sama, a nemi dalili a wani wuri: ruwa ko mugunya a ƙirji, wata cutar daban, ciwon daji da aka ɗauka tarin fuka ne, ko illar magani. Ba a ƙara watanni a makance.

Bayan kammala magani babu gwajin jinin da zai ba da takardar tabbacin cewa cutar ba za ta dawo ba. Mafi yawan dawowar tana faruwa ne cikin wata shida zuwa goma sha biyu na farko, don haka tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko rama a wannan tsakani, a koma asibiti da tsohon katin magani a hannu. A gaya wa likita an taɓa shan magani, saboda GeneXpert zai iya kama tsohon DNA ya ce cutar ce sabuwa. A irin wannan hali ana tura kakin reno ne tare da gwajin bijirewa kafin a yanke shawarar tsarin da za a ɗora mutum a kai.